Sabon Birki

"Riƙe na ce, Mama. Kar ki saki."

"Na riƙe."

"Kin saki. Ga iska nan ta koma."

"Ƙafata ce ko taka? Tun kafin a haife ka nake takawa da ita, yau ne za ka koya mini?"

Curtis yana kwance a kan kwali ƙarƙashin motar, sufana a hannu, kuncinsa dab da simintin gareji. Wani siririn tiyo ya fito daga bayan taya ya shiga kwalba. Man birki na bin tiyon, ƙananan kumfa na bin man. Muddin akwai kumfar nan, birki ba birki ba ne. Aikin kuma na mutum biyu ne: ɗaya a kujerar direba yana takawa, ɗaya a ƙasa yana kwance noti yana ɗaurewa. Abokin da ya yi masa alkawari bai zo ba. Sai mahaifiyarsa, Lorraine, wadda kofi kawai ta kawo masa, da silifas ɗin gida a ƙafarta.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe."

"Na riƙe, ranka ya daɗe." Muryarta ta sauko masa ta ƙofar motar. "Da bas ka bi tun da safe, da yanzu kuna bakin tafki kai da 'yarka Josie, askirim na zuba a rigarta."

"Na ce mata da mota zan zo."

"Ina ruwan 'yar shekara shida da abin da ka hau?"

"Da ruwanta."

"Matarka ma ranar da ta tafi kana ƙarƙashin motar nan. Ƙafafunka kawai ta yi wa sallama."

Ya kwance notin. Mai ya fito, kumfa biyu a ciki. Ya ɗaure.

"Saki," ya ce.

Motar ƙirar shekarar sittin da bakwai ce, baƙa, mai ƙofa biyu, mai dogon gaba, injinta silinda takwas. Yana ɗan shekara goma sha tara ya jawo gawarta daga rumbun wani manomi, ya tayar da ita da hannunsa. A garinsu, Toledo, da ita aka san shi. In ya tsaya shan mai, dattawa masu hular hana sallah sukan bar famfonsu su zo su zagaye ta, su tambaye shi shekararta, su ba shi labarin tasu da suka sayar. Ba wanda ya taɓa barin famfonsa don ya tambaye shi yadda aikin lodin kaya a sito yake tafiya.

Waɗanda suka ƙera ta gudu suka sa a gaba. Tsayawa ba ta dame su ba. A watan Afrilu, ana yayyafi, danja ta ba da ja, ya taka birki. Gaban motar ya duƙa, bayanta ya juya, suka ratsa mahaɗar titin a karkace. Ba su bugi kowa ba. Josie tana baya, ɗaure cikin kujerarta ta yara, sai dariya take. Da suka isa ta ba uwarta Rochelle labari kamar albishir.

Rochelle ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ba za ta sake shiga motar nan ba sai ka gyara ta. Kafin nan ga baranda, ka zo ka gan ta duk lokacin da ka so."

Ba shi da wata motar. Ya ce zai gyara.

Ya cire tsohon birkin gaba da baya, ya sa na faifai irin na motocin zamani. Da ya buɗe ƙasa ya ga sifirin sun zauna, shokazoba masu shanye gargadar hanya na yoyo, robobin da ke riƙe ƙafafun sun ruɓe kamar tsohon takalmi. In ka canja ɗaya sai na kusa da shi ya nuna maka nasa ciwon. Kayan suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, wani ya zo bai yi daidai ba a mayar. Asabar kaɗai yake hutu, Asabar kuma ita ce ranar Josie. Wasu ranakun yakan leƙa barandar da baƙin mai a farcensa, ya zauna kaɗan, ya ce mata saura ƙiris. Wasu ranakun ya yi waya.

Sai Rochelle ta ce za su tashi. Gordon, mijinta na yanzu, ya samu aiki can nesa, a jihar Tennessee. Ranar Litinin za su kama hanya. Yau Asabar.

"Taka."

"Gwiwata ta fara magana, Curtis."

"Taya ɗaya ta rage."

"Tun bazara kake cewa abu ɗaya ya rage." Ta taka. "Wannan Baturen da ke gidan kusurwa sau nawa ya taya motar nan? Da ka sayar ka sayi mota mai ƙofa huɗu kamar ta mutane."

"Ba ta sayarwa ba ce."

"Na sani. Ita kaɗai ce a gidan nan ba a rabuwa da ita."

Man ya fito garau, ba kumfa. Ya ɗaure notin, ya zaro tiyon, ya mirgino waje. Rana ta riga ta karkata, haskenta ya shigo har tsakiyar garejin. Ya mayar da tayoyi, ya sauke jak. Lorraine ta fito tana dafa ƙofa, ta tsaya tana kallonsa yana wanke hannu da sabulun kwanuka.

"Canja riga," ta ce. "Kuma ka ce mata Kaka ta ce ta riƙa kira."

Ya fara gwadawa a bayan tsohuwar masana'antar gilashi, inda titin yake miƙe ba kowa. Ya ba ta wuta. Injin ya yi ruri, kujera ta manne masa a baya. Ya taka birki da ƙarfi.

Ta tsaya. A miƙe, ba duƙawa, ba ja gefe, ba kuka. Kamar an kama ta da hannu.

Ya sake yi. Ya sha kwana ba tare da ya rage gudu ba, motar ta kwanta a kwalta ba ta yi tangaɗi ba. Ya bi ta kan ramukan da ya saba kauce wa, ya ji su can nesa, ƙasa-ƙasa. Ya ga fuskarsa a madubi tana murmushi, ya kau da kai.

Babbar motar kwasar kaya ta haya tana tsaye a ƙofar gidan Rochelle, bayanta a buɗe. Kwalaye a baranda, katifa jingine da bango. Tagogin ba labule. Tun daga kan kwana Josie ta ji ƙarar salansa, ta fito da gudu, ta faɗa jikinsa kafin ya gama fitowa.

"Baba, ka makara."

"Na zo dai."

Ya ɗaga ta. Ta yi nauyi. Ƙafafunta suna bugun gwiwarsa, haƙorinta ɗaya na gaba babu.

Rochelle ta sauko da nadin salatif a wuyan hannunta, gashinta ɗaure da ƙyalle. Ta dubi motar, ta dube shi.

"Tun karin kumallo take bakin taga."

"Iska ce ta ƙi fita daga birkin." Ya sauke yarinyar. "Zo ki gani. Faifai ne duka huɗun. Sabbin sifirin, sabbin shokazoba, duk robobin ƙasa. Shiga ki taka ki ji."

"Na yarda."

"Ki taka dai."

Ta shiga, ta taka, ta fito. "Yana da tauri," ta ce. "Ka yi ƙoƙari, Curtis. Da gaske nake." Ta juya. "Josie, ɗauko kujerarki."

Yarinyar ta ruga ta dawo rungume da wani abu shuɗi, kamar matashi mai tauri da hannuwa biyu gajeru. Curtis ya karɓa ya jujjuya shi.

"Wannan fa? Ina kujerarta?"

"Ita ce wannan."

"Babbar nake nufi. Mai igiyoyi."

"Ta yi mata kaɗan. Kafaɗunta sun wuce ramukan igiyoyin, likita ya ce a canja. Na kai wa coci."

Ya kwantar da kujerar gaba, ya sunkuya ya ajiye abin a baya. Josie ta haye ta zauna a kai, tana lilo da ƙafa. Ya jawo bel ya ɗaura mata a cinya. Ya ja, ya kama.

Rochelle ta leƙo ta kan kafaɗarsa. Hannunta ya tafi saman kujerar, wajen taga, yana lalube. Ƙarfe ne kawai da tsohuwar fata.

"Ina na kafaɗa?"

"Babu. Motocin lokacin ba sa zuwa da shi."

"Curtis."

"Da ma da na cinyar muke ɗaure waccan."

"Waccan tana da nata igiyoyin, ita take riƙe ta. Wannan ɗaga ta kawai take yi. Bel ɗin mota ne ke riƙe yarinya, ɗaya a cinya, ɗaya a kafaɗa. Ga shi nan a rubuce a jikinta, har da hoto."

Ya duba. Ga hoton kuwa: ɗan yaro da bel a cinya kaɗai, an ja masa jan layi.

"To ta zauna a gaba."

"Akwai a gaba?"

Babu.

Ya miƙe tsaye. Wani maƙwabci da ke ban ruwan ciyawa a tsallaken titi ya ɗaga masa babban yatsa, ya ce, "Kai, maigida, wannan sittin da nawa ce?" Curtis bai waiwaya ba.

"A hankali zan tafi," ya ce. "Birkin nan ko kyanwa ta gitta sai na tsaya."

"Kai kaɗai ne a titi? In wani ne bai tsaya ba fa? Ninkewa za ta yi a kan bel ɗin nan."

"Kin ce in gyara birki. Na gyara."

"Na ce ka gyara ta yadda yarinya za ta shiga."

"Tun yaushe kika san da wannan?"

"Tun watan Yuni. Na turo maka hotonta a kai, a motar Gordon."

Ya tuna hoton. Josie ta turo harshe, da tabarau a goshi. Fuskarta ya kalla. A ranar faifan birkin suka iso, ya ɗauki hotonsu a cikin kwali ya mayar mata da shi.

"Ana sayar da bel ɗin," ya ce. "Sai an yi oda, a huda ƙarfen gefe, a ƙara masa ƙarfi. Mako ɗaya. Ko biyu."

Rochelle ta dubi motar kaya.

"Ina motar taku?" ya tambaye ta.

"Gordon ya yi gaba da ita jiya. Yayana zai tuƙa mu a wannan."

"To mu bi bas."

"Mamata tana hanya, ta yi mana girkin bankwana, 'yan uwa duk suna can. Kafin ku kai tafki an fara neman ta." Ta murza salatif ɗin a hannunta. Babu faɗa a muryarta, gara ma da akwai. "Da ka zo da safe, ko a ƙafa ne, da na bar muku ranar gaba ɗaya."

Daga cikin motar Josie ta ce, "Na shirya."

Ba wanda ya motsa.

"Na shirya fa."

Curtis ya sunkuya ya kwance mata bel. "Dawo gaba," ya ce. "Yau ke ce direba."

Ya zauna, ya ɗora ta a cinyarsa. Kanta ya kai masa haɓa. Da can a ƙirjinsa yake tsayawa. Ta kama sitiyari da hannu biyu.

"Kunna."

Ya dubi Rochelle. Ta gyaɗa kai. "Ba inda za ku je."

Ya tabbatar giya tana wurin ajiya. Ya ɗora ƙafa a birki, ya murza makulli. Injin ya tashi, motar duka tana rawa a hankali, kwalayen da ke baranda suna amsawa. Birkin bai nutsa ba ko kaɗan a ƙarƙashin ƙafarsa.

Josie ta tuƙa su. Ta ce ga gada, ya ce ya gani. Ta ce ga wurin mai sayar da masara, ta yi masa hon. Ta wuce wata babbar mota, ta zagi direban da kalmar da ya san a bakinsa ta ji. Ta sha kwana da dukan jikinta. Ta gilashin gaba ba abin da ake gani sai buɗaɗɗen bayan motar kaya, da kekenta kwance a kan firij.

"Mun iso," ta ce. Ta saki sitiyarin. Ta zuba wa keken ido.

Rochelle tana tsaye a gefen taga, ta rungume shuɗiyar kujerar. Can ƙarshen layi farar motar mahaifiyarta ta kunno kai, tana ba da sigina.

"Zan sa bel ɗin," Curtis ya ce cikin gashin yarinyar. "In an yi hutun Kirsimeti zan zo har can in ɗauke ki. Kin ji? Abu ɗaya ya rage."

Ta juyo ta dube shi, ta dubi uwarta ta taga, ta sake dubansa.

"To in kafin ka gama na sake yin girma fa?"