Ɗinkin Keke a Rigar Jagoda

Shekara tara 'yata Jagoda ta yi a ƙungiyarmu ta masu kwaikwayon mayaƙan dā kafin a sa sunanta a jerin masu neman farar ɗamara. Babu girman da ya kai wannan a wurinmu, mutum ɗaya ake ɗaura wa a shekara. Sharaɗin kowa ya san shi: ka iya takobi, ka yi wa ƙungiya hidima, suturarka kuma ta zama ɗinkin hannu. An yarda dangi su taya, amma ban da keken ɗinki.

Ni direban bas ne, aikina a ƙungiya kafa tanti da hura wuta. Saura kwana uku taro, aka karya wa Jagoda yatsa a wajen atisaye, ga rigar da ake sawa ƙarƙashin sulke saura hannu ɗaya ba a haɗa ba.

"Baba, bar min kayana, ko da hagu zan ƙarasa," ta ce.

Hankalina bai kwanta ba. Tana tafiya asibiti na ɗauki allura da zare, ɗinkin ya fito kamar tafiyar maye. Na warware, na jawo keken marigayiya mahaifiyata, na bi ta ƙarƙashin hammata inda na ɗauka ido ba ya kaiwa. Da ta dawo na ce da hannu na yi. Har rungume ni ta yi.

Ranar taro, a filin tsohuwar ganuwa, Bogna mai duba sutura ta juya hannun rigar, ta kai shi kusa da tabarau.

"Ikon Allah! Wane tela ne wannan da hannunsa ba ya rawa? Jagoda, kakanninmu sun yi keke ne ba mu da labari?"

Aka bushe da dariya. Na miƙe na ce ni ne, yarinyar ba ta sani ba.

"Zauna, Wiesiek, mun yarda," in ji Leszek shugabanmu. "Amma a jikinta muka sami rigar. Sai bayan shekara uku a sake duba sunanta."

Wani aka ɗaura wa ɗamarar. Jagoda ta tafa masa, tana buga hannu ɗaya a cinyarta.

A mota, da muka kusa gida, ta ce:

"Da ka bar hannun rigar a buɗe, Baba, da sun ga yatsana sun gane."