Fatar Tunkiya

"Ki buɗe baki mana, muguwa! Ai ke kika aike shi!"

Zubaida ce ta daka wannan tsawar, har gyaɗar da ke cinyarta ta watse a kan tabarma. Mu shida ne a falona muna kallon fim ranar Alhamis bayan azahar, kamar yadda muka saba, don gidana ne kaɗai mai sola a layinmu. Fim ɗin na Turawa ne da aka yi wa fassarar Hausa. An kama wani baƙin mutum an ce ya saci doki, alhali matar Baturen da yake yi wa aiki ce ta aike shi da dokin. Ga ta nan a kotu ta sha farar hula, alƙali yana tambaya ko akwai mai magana, ita kuwa ta zuba wa takalmanta ido.

"Wallahi mutanen nan ba su da imani," in ji Barakatu, tana share hawaye da gefen mayafi. "Don kawai fatarsa baƙa ce!"

"Ni waɗanda suka kama shi ma ba su ba ni haushi kamar matar nan ba," in ji Zubaida. "Su ba su sani ba. Ita fa? Ina ma a ba ni ita minti biyar."

Aka kwashe da dariya. Na ɗaga kai na dubi agogon bango, uku saura kwata.

* * *

Shekara goma sha ɗaya ke nan Adama tana sauka a gidana. Bafulatana ce mai tallan nono, rugarsu tana can hanyar Baure. In ta shigo Daura nan take salla, nan take shan ruwa, babbar ƙwaryarta ma a bayan ƙofar kicin ɗina take kwana. Ɗanta Ikrima, magidanci mai 'ya'ya biyu, shi yake kiwata mini tumakina biyu.

Duk wanda ya taɓa ba da kiwo ya san ƙa'idar. In dabbar amana ta mutu, makiyayi ba ya zuwa da baki kawai. Sai ya feɗe ta ya kawo fatar haɗe da kunnuwa, mai ita ya ga shaidarsa da idonsa, kada zargi ya shiga tsakani. Tawa shaidar tsaga biyu ce a kunnen hagu.

Ranar Litinin da hantsi ya kira ni a waya. "Inna Murja, sai haƙuri. Tunkiyarki ɗaya ta ci leda ta mutu. Ga ni nan tafe da fatar."

Bai iso ba. 'Yan sintiri suka tare shi a hanya, aka yi rashin sa'a an sace wa wani tumaki a ƙauyen da ke kusa. Bafulatani a kan babur, ɗanyar fata a buhu, me kuma ake jira? Suka dake shi har sai da suka gaji. Ya yi ta kiran sunana. Shi ne mai unguwa ya aiko mini cewa in gaskiya ne, in je in duba fatar kafin la'asar ɗin Alhamis, in ba haka ba za a haɗa shi da waɗanda ake zargi a wuce da su Katsina.

Na gaya wa maigidana, Malam Sada.

"Ban hana ki ba, Murjanatu," ya ce. "Amma kin san yadda gari yake yanzu. Gobe a wayi gari ana cewa gidan Sada ne masaukin masu kai wa ɓarayi rahoto, ina za mu sa kanmu? Ki yi abin da kika gani."

Da ma ya hana ni ɗin ne, da na samu wanda zan ɗora wa. Talata na ce sai Laraba. Laraba na yafa mayafi har na kai zaure, na hango maza zaune a gindin darbejiya suna zancen, na juyo. Tsoro nake ji, ba wani abu ba, kuma na gaji da jin sa.

* * *

Ana cikin shari'ar dokin muka ji sallama. Muryar Adama ce, wadda rabonta da yin sallama ta tsaya jira a gidan nan har na manta.

"Shigo mana," na ce.

Ta shigo ba ƙwarya a kanta. Ta rame, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Ina kallo Barakatu ta jawo jakarta ta tura ƙarƙashin cinya, hawayen fim ɗin ko bushewa bai yi a fuskarta ba. Zubaida kuwa ta amsa gaisuwar da hanci.

Na jira Adama ta roƙe ni. Wallahi da ta yi kuka, ko ta kama ƙafata, ina jin da na tashi. Ba ta yi ba. Sai ta zuba wa talabijin ido.

"Me ya yi aka ɗaure shi?" ta tambaya.

Zubaida ba ta iya ganin mai tambayar labarin fim ta ƙyale. Nan da nan ta manta da hancin da ta ɗaga, ta zayyana mata komai: dokin, aiken, dukan. "Kin ga waccan mai hular? Kalma ɗaya za ta faɗa a sake shi. Ta ƙi. Ke ki ji rashin tsoron Allah!"

Adama ta daɗe tana kallon Baturiyar. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba.

"Ayya," ta ce a hankali. "Kada ku zage ta. Wataƙila mijinta ne ya hana ta."

"Ko ma wa ya hana ta!" in ji Barakatu. "Ran mutum fa ake magana."

Daga masallacin layinmu ladan ya gyara lasifika, ya fara kiran la'asar. Adama ta miƙe. Na ji ta buɗe ƙofar kicin, na ji ƙarar ƙwarya ta gogi bango. Da ta zo wucewa ta tsaya ta bayan labule.

"Inna Murja, na gode da zama. Ga amanarki nan a tsakar gida, babu mai kiwo yanzu."

Sai da takunta ya ɓace na iya tashi. Tunkiyata ɗaya da ta rage tana ɗaure a jikin turmi da igiyar kaba. Har da ɗan ƙullin harawa aka ajiye mata a gefe. Ta ɗago kai tana kaɗa kunnen hagu, tsaga biyu.

"Murja!" Zubaida ta ƙwala mini kira daga falo. "Zo ki mayar mana baya, surutu ya sa ba mu ji hukuncin da aka yanke masa ba."