Kanwar Magarya

"Kanwa ce fa, ba zinare ba," in ji Hure. "Na zaga kasuwar Ɗambatta kaf, abin da na samo bai cika tafin hannu ba. Mai jego ba kunun kanwa, ina aka taɓa yi?"

'Ya'yanta biyu suna zaune a ƙarƙashin rumfa. Mati, babban, mai fataucin wake, ya nuna ƙaninsa da haɓa.

"Ga masu rufe bodar Nijar nan, Inna. Su za ki tambaya."

"Ba ni na rufe ba, gwamnati ce," in ji Yahya. "Kuma daidai ta yi. Mu ke ba su wuta, mu ke ba su masara. A ɗan matsa musu, da kansu za su nemi sulhu."

"Kai da ka matsa musu, nawa ka taya ragon suna jiya? Ka sayo?"

Yahya ya share zancen. "Kowa ya ga dama sai ya ratso gona ya shigo. Wa ya san na kirki, wa ya san mai bindiga?"

"Ni dai na san motar wakena tana can tsallake tana cin rana."

"Ku yi mini shiru," in ji Hure. "Yarinya ta samu barci."

Yarinyar ita ce Aina'u, matar Yahya, 'yar wani ƙauye kusa da Magarya a Nijar. Haihuwar fari ce. A ƙa'ida gidansu za ta tafi, uwarta ta yi mata wanka har ta yi arba'in. Sai aka rufe iyaka cikinta yana tsufa, ta haihu a nan. Hure tana iya ƙoƙarinta, amma gwiwa ta hana ta ɗaga tukunya, ita kuma yarinyar ba ta cin abinci, sai ta juya fuska bango ta yi ta hawaye.

Shi kuwa Yahya yana cikin 'yan sa-kai da dagaci ya ɗora wa tsaron gari. A gaban jama'a ya yi alkawari duk baƙon da ya shigo ta ɓarauniyar hanya zai miƙa shi ga jami'ai. Bai daɗe da miƙa wasu samari biyu 'yan ci-rani ba, har da wanda yake yi wa maƙocinsu noma.

Ana cikin haka aka yi sallama a zaure. Muryar mace ce, a dishe.

Adama ce, uwar Aina'u. Zaninta duk ƙarangiya, ƙafafunta sun kumbura har silifa ya nutse a ciki. A kanta ƙullin buhu, a hannunta igiya, a ƙarshen igiyar wani farin rago mai dogon kunne. Allah ya taimake ta, gero ya yi tsawo, shi ya rufa mata asiri tun daga can har ta ɓullo bayan Ɓaɓura.

Yahya na ganinta ya zame daga benci, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa yana kallon ƙasa. Ita ma ta kawar da kai ta ja mayafi. Suruka da suruki ba a haɗa ido.

"Lale, lale. Ikon Allah," in ji Hure tana sauke mata kaya. "Da ƙafa, Adama?"

"Wani wurin amalanke. Ke na zo gaisarwa, an ce gwiwa ta matsa miki."

Ko ɗakin 'yar ba ta kalla ba, ko sunanta ba ta kama ba. 'Yar fari ce, da kunya. Amma da aka kwance buhun, kanwa ce fal, manya-manyan dunƙule, da yaji da ta daka da hannunta. Ba ta zauna ba. Ta sha ruwa, ta yi alwala ta rama sallar da ta kuɓuce mata a hanya, ta wuce madafa tana tambayar ina babbar tukunya. Kafin azahar Aina'u ta shanye kwanon kunu, har tana neman ƙari.

Yahya ya ja uwarsa bayan rumbu.

"Inna, mutane sun gan ta. Da rago ta ratso gari. In na yi shiru, me zan ce wa wanda na kai yaron gonarsa?"

"To je ka faɗa mata."

"Ni? Inna, ta yaya?"

"Au, bakinka na kan benci ne kawai?"

Mati ya leƙo yana dariya. "Ragon ma baƙon haure ne, ranka ya daɗe. Ka haɗa da shi."

Ashe Adama tana ji ta bayan zana. Ba ta fito ba. Sai ta kira Hure, kamar su biyu ne a gidan.

"Hure, ki gaya wa mutumin nan kada ya ji nauyi. Alkawari ya ɗauka, ni kuwa na san abin da na taka. In ya tashi kai ni, ba sai an riƙe ni ba, da ƙafata zan shiga mota. Rago na jariri ne, kanwa ta kai ku arba'in. Zan nuna miki yadda muke haɗa ganyen wanka."

Ba ta roƙi komai ba. Ta koma ta ci gaba da tsinke ganyen darbejiya a cikin kwando.

Hure ta tsaya tana jin ƙarar ganyen. Ta dubi ɗanta. Waya tana hannunsa, lambar dagaci a buɗe. Daga ɗaki jaririn ya tsala kuka, sai aka ji Aina'u tana yi masa wasa, abin da ba a ji ba tun da ta sauka.

Hure ta ɗingisa ta ɗauko gatari a jikin rumbu, ta miƙa masa ƙotar.

"Itacen nan ba zai kai mu ko suna ba, balle arba'in. Rana tana yi, ruwan wankan yamma bai hau wuta ba. Ungo, Yahya, faso mata."