Akwatin Bahijja

Alhaji Gwadabe bai je gaisuwar Bahijja ba. Ya aiko direba da buhun shinkafa, direban ma bai shiga zaure ba. Shekara da shekaru tana rubuta wa kamfaninsa na fata saƙonni da Turanci da Larabci zuwa ga masu saye a ƙetare, amma ranar da aka kai ta makwanci, Alhaji yana da baƙi.

Mijinta Abdulhakeem bai manta ba. Shi ya haɗa wa kamfanin sabar imel, wata baƙar na'ura mai gurnani a ƙaramin ɗaki a saman bene, bayan Kasuwar Kurmi, inda warin jima ke shigowa ta taga. Tun rasuwar bai sake taka benen ba. Da Fanna, sakatariyar Alhaji, ta kira shi bayan damina, sai da ya bar wayar ta yi kukanta ta ƙoshi kafin ya ɗauka.

"Malam Abdulhakeem, don Allah ka zo. Kwafin ajiyar imel ya ƙi yiwuwa. Da ya fara sai ya tsaya. Yanzu har saƙonni sun fara ɓata."

"Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun satin rasuwar."

Ya hau adaidaita daga Dala. Alhaji ya tare shi a bakin bene da fara'ar da yake ajiye wa masu amfani.

"Injiniya! Ka ɓuya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri ya ƙaru, Alhaji. Shinkafar ce ta ƙare."

Alhaji ya yi dariya, don bai san me zai yi ba in ba dariyar ba.

Abdulhakeem ya zauna gaban na'urar ya sa ta ɗauki kwafi yana kallo. Tana bin akwatunan saƙonnin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce na Abba, ta wuce na Ali, ta zo na Bahijja ta cije. Ya sake gwadawa, ta sake cijewa a nan. Rumbun da ke riƙe da saƙonnin kowa ya yage daidai wurin sunanta, kuma yagewar tana ci gaba da cin na kusa.

Ya juya ya kalli Fanna. Ta sunkuyar da kai.

"Washegarin jana'iza Alhaji ya ce wuri ya cika, a goge akwatinta. Ana cikin gogewa aka ɗauke wuta."

"Batiran inbata fa, masu riƙe na'urar in an ɗauke wuta?"

"An kai su gida. Firizar Hajiya, matar Alhaji."

Wato ko sadakar uku ba a yi ba. Yana zaune a kan tabarma yana amsa addu'o'in mutane, a nan kuwa ana share matarsa don a sami wuri, kuma sharar ma ba a iya ta ba.

Ya bayyana wa Alhaji cewa hanya biyu ce. Ko a yanke wurin da ya lalace a jefar, a gama kafin la'asar, ko a gina sabon rumbu a kwashe akwatunan da hannu, a tsinto abin da ya rage na nata.

"A yanke kawai," in ji Alhaji. "Turawa na jiran amsa. Mamaci ba ya karanta imel, Allah ya jiƙanta."

"Amin."

Akwai hanya ta uku da bai faɗa ba. Yana iya danna 'yan maɓallai, ya ce an gyara, ya tafi gida. Ruɓar za ta ci gaba a hankali, har wata safiya Alhaji ya tashi ba shi da adireshin mai saye ko ɗaya. Abdulhakeem ya daɗe yana juya wannan tunani a ransa, kuma ya ji daɗinsa ƙwarai. Abin da ya ɓata masa shi kawai shi ne Bahijja za ta nutse tare da su.

Sai ya bi doguwar hanya, ya ce wa Alhaji gajerar ta ƙi. Ya bar Turawan suna jira, Alhaji yana hawa bene yana sauka yana share gumi. Nata ya fara tsintowa, kafin na kowa. Wasu saƙonnin sun tafi har abada, wasu sun dawo rabi. A cikin waɗanda suka dawo cikakku akwai wanda ta taɓa aika masa da tsakar rana: "Ka taho da tumatir. Ka duba da idonka, ba da na mai sayarwa ba." Ya karanta, ya tashi ya tsaya a bakin taga har warin jima ya ba shi dalilin goge ido.

Da ya gama, ya sa aka dawo da batiran daga gidan Hajiya. Kwafi ya tafi tiryan-tiryan har ƙarshe. Alhaji ya yi ta sa albarka.

Washegari da safe wayar Abdulhakeem ta yi ƙara.

"Injiniya, wane irin wulaƙanci ne wannan? Na buɗe waya na ga saƙo daga Bahijja!"

"Rahoton ajiya ne, Alhaji. Me ta ce?"

"Wai an adana komai, ba a goge kowa ba."

"To, alhamdu lillahi. Aiki ya yi kyau."

"A cire sunan nan yau ɗin nan."

"Da sunanta ajiyar ke gudana. Ka goge ta, ajiya ta tsaya, ka kuma ga yadda gogewar farko ta ƙare. Kana iya kiran wani injiniyan, garin nan cike yake da su, ba zai sha wuya ba. Sai dai zai tambaya wace ce Bahijja, Fanna kuwa ba ta iya ƙarya ba. Kafin magariba Kurmi ta ji."

Alhaji ya ce, "Kullum zai riƙa zuwa?"

"Kullum. Har ranar Juma'a. Ba ta taɓa fashin aiki ba, ka sani."

Alhaji bai kira kowa ba. Abdulhakeem kuwa ya sa rahoton ya riƙa zuwa masa shi ma. Kowace safiya yakan haɗa shayinsa shi kaɗai, wayar ta yi ƙara, ya ga sunanta. Ba ya buɗewa nan take. Yakan kurɓi shayin tukuna, ya ba Alhaji lokaci ya fara karantawa.