Kyamara Uku, Babu Wadda Ta Yi Masa

Wata huɗu Kafaɗa ya yi yana zaɓen kyamara, kuma har ranar Asabar ɗin nan bai zaɓa ba.

Kafaɗa mai ɗaukar bidiyo ne. Shekara ashirin da shida yana saɓe da kyamara, har kafaɗarsa ta dama ta rankwafa ta bar ta hagu a sama, daga nan sunan ya bi shi. Shi da ƙanwarsa Auta suna da ɗan ofis, ɗaki ɗaya a saman wani kemis. Shi ke ɗauka, ita ke tacewa a kwamfuta. Aikin da ke riƙe da su na makarantar koyon jinya ne. Duk zango suna ɗaukar darussan gwaji, yadda ake neman jijiya, yadda ake sa ruwa, yadda ake ɗinke rauni, a riƙa nuna wa sababbin ɗalibai. Da wannan aiki ake ɗora tukunya a gida biyu, nasa da nata.

To, sai makarantar ta kafa manyan talabijin a azuzuwa. Shugabar ta kira shi, mace ce da ba ta iya kwana-kwana ba, ta ce hotonsa a sabon allo kamar an ɗauka cikin hayaƙi, ɗalibai ba sa ganin bakin allura. Ta ce ɗaukar zango mai zuwa ko dai da kyamarar HD, ko ta ba wani. Ɗaukar nan jibi Litinin ce.

Kowa ya ɗauka tsantseni ne ya hana Kafaɗa saye. Ba tsantseni ba ne, ƙarya ce yake gadi. Shekara uku ke nan idonsa na dama ya fara yin dishi-dishi, na hagu ya biyo baya. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa Auta ba, bai je wurin likita ba, don a ganinsa ranar da aka ji mai ɗaukar hoto ba ya gani, ranar ya tashi daga aiki. Sai ya ƙirƙiro dabara. Tsohuwar kyamararsa tana da zoben fokas, wanda ake murɗawa hoto ya fito tar, mai farko da ƙarshe. Ya ɗiga gam a jikin zoben wuri uku ya bar shi ya bushe: ɗigo ɗaya na taku biyu, ɗaya na taku uku, ɗaya na taku biyar. In zai ɗauka, sai ya je kusa da abin kamar yana gyara fitila, ya ja da baya yana ƙirga taku a zuci, babban yatsansa ya laluba ɗigon da ya dace. Hoton tsohuwar dama mai taushi ne, ko ya kuskure kaɗan ba a lura. Har yabonsa ake yi, wai Kafaɗa ko leƙawa ba ya yi. Shi kuwa sai ya karɓi yabon yana murmushi, ko kunya babu.

Shagon da ake sayar da kyamarorin wani siririn lungu ne, babu taga, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu tun makon jiya. Akwatunan gilashi dama da hagu, sai wata 'yar hanya da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Yau Auta ta ce sai ta biyo shi, kuma tun da suka shiga ta tsaya a bakin hanyar, jakarta a hammata.

"Oga Kafaɗa!" in ji mai shagon. "Kujerarka tana ta tambayarka. In ka ƙara wata ɗaya makullin shago zan yanka maka, ka riƙa buɗewa da safe."

"Kawo kayan kirki ka ga ko zan sake dawowa."

"Hajiya, ki ji shi fa. Duk kayan duniya babu na kirki sai waccan gyatumar tasa mai tari."

Mai shagon ya jera kyamarori ukun da Kafaɗa ya saba gwadawa a kan tebur, ya haɗa kowacce da babbar talabijin da ke bango. Kafaɗa ya san su kamar yadda fursuna ya san sandunan tagarsa. Ta farko ƙarama ce, mara nauyi, tana gani ko a ɗaki mai duhu, tana cin katin memori biyu. Amma zobenta ba shi da farko ba shi da ƙarshe, juyawa kawai yake yi, ba inda za a ɗiga gam ya yi amfani. Ita ya ce tana shan batir. Ta biyu babba ce, ta saɓawa, ana canza mata gilashi, zobenta yana tsayawa. Sai dai kaifinta ba ya yafiya, in ka kuskure da faɗin yatsa ɗaya hoton ya tafi. Ita ya ce tana zafi. Ta uku matsakaiciya ce, tana saita kanta, kuma tana da kafar da ake jona ƙaramin allo da abin murɗa fokas daga nesa. Ita ya ce ta ragwaye ce. A nan kaɗai akwai ɗan gaskiya a bakinsa, domin in an bar ta ta saita kanta fuskar mutum take bi, ba ruwanta da allura.

Auta ta buɗe jaka ta fito da lemo ɗaya da sirinji, irin yadda ɗalibai ke koyon tsira allura. Ta soka allurar a lemon, ta ajiye a kan akwatin gilashi.

"Yaya, yau ba surutu. Wadda ta nuna bakin allurar nan ita za mu ɗauka."

"Ke kin zama malama ke nan?"

"Ni ce dai mai zama da hoton har bayana ya ƙage. Ɗauki."

Ya saɓa ta biyu, don ita ce ta yi kama da abin da ya sani. Ya matsa kusa da lemon kamar yana duba haske, ya ja baya. Ɗaya, biyu. Bayansa ya bugi akwati, babu wurin taku na uku. Yatsansa ya bi zoben, sumul, ba ɗigo ko ɗaya. Akwai lambobi a jiki, ya san akwai, amma a idonsa wani farin zare ne kawai. Ya sa ido a 'yar tagar leƙe. Wani abu mai ruwan lemo yana iyo cikin hazo. Ya murɗa dama, hazo. Ya murɗa hagu, hazo. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne. Ya tsaya a inda zuciyarsa ta ce masa.

"Ga shi nan."

Mai shago ya dubi bango ya tuntsire da dariya. "Oga, kalandata kake talla? Ai ga ranakun wata tar, lemo kuwa ya zama gajimare."

"Ka gani? Abin da nake faɗa ke nan. Gilashinta ya goce tun daga kamfani."

"Jiya da hannuna na gwada ta."

"To hannunka ne ya goce."

Ya sauke ta, ya ɗauki ƙaramar, ya yi ta murɗa zoben yana juyawa ba iyaka, ya ajiye yana tsaki. Ya duba hanyar fita. Auta tana tsaye a wurin, ba ta motsa ba.

"Kawo in gwada," in ji ta.

Ta ɗora babbar a kan ƙafafunta uku, ta duƙa, ta ɗan taɓa zoben, ta miƙe. "Yaya, dubi bango. Wannan fa?"

Kafaɗa ya ɗaga kai. Talabijin tana nesa da shi kamar taku huɗu. Abin da ya gani shi ne abin da ya saba gani. Ya yi lissafi cikin sauri: yarinyar nan tacewa ta iya, ba ɗauka ba, kuma kyamarar mai wuya ce, da kyar in ta samu a taɓawa ɗaya.

"Dishi-dishi," ya ce da ƙarfi. "Ke ba ki gani? Na gaya muku kyamarar ce."

Ba wanda ya yi dariya. A bangon nan allura ce tsaye kamar mashi, ana ganin ramin bakinta, ana ganin ɗan ɗigon ruwa yana reto a gefensa, ana ganin ƙurajen ɓawon lemo ɗaya bayan ɗaya. Mai shago ya dubi bango, ya dubi Kafaɗa, ya sosa ƙeya.

"Zafin nan ya yi yawa," in ji shi. "Bari in samo mana ruwan sanyi. Hajiya, ki kula mini da shagon." Ya karkace ya wuce ta gefenta, ya ja ƙofar.

Kafaɗa ya zauna a kujerar.

"Ta fito?" ya ce.

"Har ramin allurar."

"Tarko kika kafa mini."

"Lemo na kawo, Yaya. Kai ka yi magana."

Ya so ya yi mata tsawa irin ta da, lokacin da yake goya ta zuwa makaranta. Maimakon haka sai ya tambaye ta a hankali.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara biyu. Na ga gam a zoben na ɗauka datti ne, na kai farce zan kankare, ka kusa cinye ni ɗanya. Daga nan na fara lura da ƙafarka. Kana tafiya kana motsa baki kamar mai biya karatu."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru, kuma ban kyauta ba." Ta zauna a kan wani kwali. "Duk inda ya fita dishi-dishi na yanke. Darasin neman jijiya na bara, allurar ba ta fito ba ko sau ɗaya, sai na rufe wurin da fuskar malamar tana bayani. Aji guda sun koya da shi. Jikin mutane za su je su soka, Yaya, ba lemo ba. Ina tunawa in ji abinci ya fita raina."

Wannan bai taɓa zo masa a rai ba, kuma abin kunya ne a ce bai zo ba. Shekara uku yana tunanin sunansa da tukunyar gidansa, bai taɓa tuna hannun wani mara lafiya ba.

"To me kike so in yi? In sayi wannan a gane, in ƙi saye a kore mu. Duk inda na juya bango ne."

"Ta ukun za mu ɗauka."

"Ta ragwaye?"

"Ta masu ƙanne. Kai ka saɓa, don hannuna rawa yake yi, kuma ban san inda ake tsayawa ba. Ni in riƙe ƙaramin allo in murɗa fokas. Hannunka bai tsufa ba, ko kofi aka ɗora maka ba zai zube ba."

"In an tambaya fa, me ya sa mutum biyu?"

"Ni dai na gama rufa maka asiri da ƙarya. Amsa daga bakinka za ta fito."

Da mai shago ya dawo da ruwa bai yi ba'a ba. Ya sa ta ukun a kwali, ya haɗa da ƙaramin allon da abin murɗawa. Wayar da ke haɗa su, mafi tsawon da yake da ita kamu huɗu ce.

Ranar Litinin da safe suka shiga ɗakin gwaji na makarantar, gadaje shida, hannun roba a kan tire, malama ta sa safar hannu. Kafaɗa ya saɓa sabuwar kyamara. Ya ga malamar ta juya, jikinsa ya san inda ya kamata ya koma, ya ɗaga ƙafa ya yi gaba. Waya ta fizge shi, Auta ta kusa faɗuwa kan tire.

"Yaya! Ka faɗa mini kafin ka tafi."

Ɗalibai biyu da ke riƙe da fitila suka ƙunshe dariya. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana zagaya ɗaki yadda ya ga dama, yau ba ya taku sai ya nemi izini. Ya ce, "Zan yi hagu." Suka yi hagu tare.

Suna cikin haka shugabar makaranta ta shigo. Ta leƙa allon da ke hannun Auta, ta gyara tabarau.

"Yauwa. Yanzu na ga allura." Sai ta bi wayar da kallo, daga hannun Auta har kafaɗarsa. "Wannan kuma fa? Da kai kaɗai kake yi."

Auta ta kafa ido a allonta. Amsa tana nan a bakin Kafaɗa, a shirye, mai santsi: sabon salo ne, haka ƙwararru ke yi yanzu. Da ya faɗa da an yarda. Ya sauke kyamarar.

"Idona ne, ranki ya daɗe. Ba na ganin fokas."

Ta matso, ba ta nemi izini ba, ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa, ta karɓi fitila daga hannun ɗaliba ta haska.

"Yanar ido ce. Duka biyun. Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Shekara uku! Kana shiga cikinmu kana fita, ɗakin duba ido yana ƙetaren tsakar gidan nan, kana wuce shi da kaya a kafaɗa. Abin da ake cirewa a aiki ɗaya, in ba ka bari ya yi nisa ba. Da girmanka." Ta mayar da fitilar. "Darussan bara duk za a sake su, ba na son jin komai. Ku gama na yau. Na zango mai zuwa kuwa, sai na ga takardar likita a kan teburina."

Ta fita. Malama ta ɗauki sabuwar allura ta ɓare ledarta, tana jira. Kafaɗa ya mayar da kyamarar kafaɗa, bai dubi kowa ba.

"Matsa gaba kaɗan, Yaya," in ji Auta a hankali. "Ƙara. Tsaya nan."

Ya tsaya.