Haƙorin Muhsinu

Ni dai tun farko na ce a sa wa yaron nan Mohammed a huta, amma wa ya tambaye ni? Ƙanwata Aliya ce ta haihu. Mijinta Abbakar manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu, uwarsa kuwa, Ya Fanna, ita ta kafe cewa sunan jikanta Muhsinu, in ba haka ba a mayar da ragon garke. Ba sunan mahaifinta ba ne, ba na wani malami ba ne. Sunan wani mai shan jini ne na cikin littafi.

Littafin sunansa Masu Barcin Rana, kuma duk macen da ke shanyar tattasai a unguwarmu ta Diffa ta san shi. Ba karantawa muke yi ba. Wata ce take karanta shi da murya, mu sa a waya, mu jingina wayar da buhu, hannu na aiki kunne na aiki. Ni Hasna kanti nake tsaro, amma in an kunna sai in ja ƙofa in bi su filin shanya. Labarin wasu mutane ne da ba sa mutuwa, ba sa fita rana, abincinsu jinin ɗan Adam, kuma ba abin da ke korarsu sai warin daddawa. Muhsinu shi ne na kirkin cikinsu. Ya tuba, ya rantse ba zai ƙara taɓa mutum ba, kullum sai ya aika mahauta a ɗebo masa jinin shanu a kwano, ya sha yana kuka. Littafi bayan littafi yana kare marayu, yana son wata Yasmin daga nesa don kada ya ji ƙamshin wuyanta.

Ni ma na so shi, ba zan ɓoye ba. Amma son Ya Fanna daban ne. In aka zo inda yunwa ta kama shi ya daure, sai ta share ido da hannun da take juya tattasai, yaji ya shiga, kuka ya ƙaru.

"Wannan yaro yana da haƙuri," in ji ta. "Mazan yanzu ko shayi ya makara sai faɗa."

Daga ranar da aka yi arba'in, jariri ya koma bayan kakarsa. Aliya nono kawai take bayarwa. Tsohuwa ta goya shi ta tafi fili, ta goya shi ta tafi gaisuwa, tana kiransa angona, tana masa tsiya wai bai kawo cefane ba. Shi kuwa bai san wani wurin barci a duniya ba sai wannan bayan.

Littafin ya ƙare lafiya, kowa ya gode. Da marubuciyar tana da kunya da ta tsaya nan. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala, sai ta fara fito da abin da ta kira rassa. Ta ɗauko wani can gefen labari ta ba shi littafinsa shi kaɗai. Reshen farko a kan mai ɗebo jini daga mahauta ne, mutumin da ko sunansa ba mu riƙe ba, muka saurara don dai babu wani. Na biyu shi ya kawo mana masifa. Sunansa Yarintar Muhsinu.

Da hantsi ne, muna fili, tattasai shimfiɗe ja wur har bakin gona. Yaro yana bayan kakarsa, ya fara dalalar da miyau, dasashinsa na ƙaiƙayi. Mai karatu ta sassauta murya ta ce ranar da haƙorin Muhsinu na farko ya fito, kakarsa tana goye da shi tana masa waƙa. Ya lalubi wuyanta. Kafin la'asar tsohuwa ta bushe kamar kilishi.

A daidai lokacin namu Muhsinun ya kafa baki a kafaɗar Ya Fanna yana goga dasashi, kamar yadda yake yi kullum.

A hankali ta kwance majanyi. Ta sauke shi a kan tabarma, ta ja da baya, ta rufe wuyanta da hannu biyu.

"Suna linzami ne," ta ce.

"Haba Ya Fanna, labari ne fa," in ji Aliya, tana dariya don ta zaci wasa ne.

"Wancan ma labari ne, a cikinsa na samo sunan. Lokacin ba ku ce ƙarya ba."

Daga ranar ba ta ƙara ɗaukarsa ba. Nan wasa ya ƙare mana a gida, domin yaro ya ƙi barci. Aliya ta goya, ya banƙare. Na goya, ya yage mini ɗan kunne. Abbakar ma ya sa shi a kafaɗa ya zaga gida yana kwaikwayon tafiyar uwarsa, har da ɗingishin, yaro bai ruɗu ba. Ya yi kuka har muryarsa ta dishe, kumatunsa suka faɗa. Abin ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi, don ina ganin maganinsa yana zaune a tsakar gida.

Ita ma ba daɗi take ji ba. Ta ƙulla daddawa a tsumma ta rataya a wuya, ƙuda na bin ta duk inda ta sa ƙafa. Ta ce bayanta ya yi sanyi, sai ta goya kabewa. In yaro ya tsananta kuka sai ta laɓe bayan zana, ta miƙo doguwar muciya ta wata kafa tana bubbuga bayansa, tana masa waƙar Kanuri hawaye na zuba. Shi kuma ya ji muryar, ya waiga bai gan ta ba, ya ƙara tsage baki.

Unguwa kuwa ta rabu biyu. Akwai 'yan asali, masu cewa abin da ba ya cikin uwar littafi bai faru ba. Shugabarsu Dije mai ɗinki, wadda ta rantse ba marubuciyar ce ta yi reshen ba, mijinta ne ya ƙwace wayarta don yana kishin Muhsinu. Akwai 'yan reshe, shugabarsu Delu mai suyar kifi, wadda ta ce ita dama tun littafin farko ba ta yarda da namijin da ke kuka a kan kwano ba. Mata da suka shekara suna aron turmi suka daina gaisawa. A famfo layi biyu ake yi. Kuma duka ɓangarorin gidanmu suke zuwa, wai sannu da mai jiki, kafin ka ankara sun ɗaga leɓen yaro suna leƙa dasashi.

"Ga shi nan ya kumbura, kuma ta sama," in ji Delu wata rana. "Ni dai shawara, a sake suna."

"Madam, rago ɗaya suna ɗaya," in ji Abbakar. "An yi huɗuba, an raba goro. Ɗana ba boutique ba ne irin kantin Hasna da za a sake masa allo."

Ni kuma na raka ta har ƙofa da abin da ba zan rubuta a nan ba.

Da abin ya ishi Abbakar sai ya ɗauki uwarsa zuwa wajen Malam Ilyasu, wanda ya raɗa sunan. Malam ya ce Muhsinu suna ne mai kyau, ma'anarsa mai kyautatawa, kuma ƙagaggen labari ba ya ɓata sunan ɗan Musulmi.

"Malam, ka ji littafin?" in ji Ya Fanna.

"Ban ji ba."

"To yaya za ka yi hukunci a kan abin da ba ka ji ba?"

Malam mutum ne mai adalci, sai ya ce a tura masa. Bayan 'yan kwanaki ya shigo kantina sayen sukari. Na ce, Allah gafarta Malam, ina hukuncinmu? Ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya.

"Hasna, ana kan bincike. Amma shin ita Yasmin ta san da maganar kakar nan kafin ta amince da shi?"

Nan na san ba mu da kowa.

Aliya mai haƙuri ce, ba irina ba, amma ita ma ta kai maƙura. Ta ce wa mijinta ba za ta zauna tana kallon ɗanta yana ramewa da kewar mutumin da ke bayan zana ba. Za ta tafi da shi Damagaram wajen iyayenmu, inda ba zai ji muryar ba, ya yi kukansa ya manta. Ya Fanna ta ji, ta shiga ɗaki da kabewarta.

Ana cikin shirin tafiyar sai ga reshe na uku. Wallahi da na san gidan marubuciyar nan da na je da kaina. Sunansa Sirrin Kaka. A ciki aka ce ashe tsohuwar ce tushen abin gaba ɗaya. Ita ce mai shan jinin farko, tun yana jinjiri take tsotsarsa ta diddige tana masa waƙa, shi Muhsinu jininsa kawai ya karɓa. A fili aka kunna, Ya Fanna na zaune a tsakiyarmu. Mai karatu ba ta kai ƙarshe ba na ga idanu suna juyawa ɗaya bayan ɗaya.

"Shekarunta nawa, amma haƙoranta ba wanda ya faɗi," in ji Delu, kamar da buhu take magana.

"Kuma tana barcin rana," wata ta ƙara.

Barcin rana a Diffa! Wa ba ya yi? Karnuka ma yi suke. Na faɗa musu haka da ƙarfi, amma Dije da kanta, shugabar 'yan asali, ta jawo tabarmarta gefe, wai rana ce ta dame ta.

"Ku ji tsoron Allah, labari ne fa," in ji Ya Fanna.

Wata ta kira 'yarta da ke wasa kusa da tsohuwar ta ɗaura ta a cinya.

Daga nan 'yan asali da 'yan reshe suka shirya, tunda sun sami abin da suka yarda a kai. In Ya Fanna ta zo famfo sai layi biyun su watse, su bar mata. Yaran da take ba dabino suka daina biyowa ta ƙofarmu. Matar da ta yi wa rabin unguwar nan wankan jego, yau in ta yi sallama sai a amsa daga cikin ɗaki. Ta daina zuwa fili. Ta ajiye kabewar, don Delu ta ce gwaji take yi da ita. Sai ta zauna gindin bishiyar bedin tsakar gida, da ƙullin daddawarta a wuya, ita kanta ba ta san ko daga wa take kare kanta ba kuma. Na yi fushi da ita sosai a kwanakin baya, amma ganinta haka ya karya mini zuciya.

Ranar tafiya da safe na zo raka Aliya tasha. Kaya a ɗaure, Abbakar ya fita neman mai babur. Aliya ta ajiye yaro a tabarma ta koma ɗaki neman hularsa, ni kuma ina fama da igiyar buhu. Da na ɗago, tabarma ba kowa.

Yana tsakiyar gida, yana jan ciki. Bai taɓa rarrafe ba sai ranar, kuma ba iya shi ya yi ba, gwiwa ɗaya ce ke aiki, ɗayar yana jan ta. Ya faɗi da haɓa, ya tashi da ƙasa a baki, ya ci gaba. Bai yi kuka ba. Gindin bedi ya nufa.

Ya Fanna ta gan shi. Ta sa hannu a wuya, ta yunƙura za ta tashi, sai ta kasa. Aliya ta fito da hula a hannu ta tsaya cak a bakin ƙofa. Na buɗe baki zan yi magana, ta riƙe ni.

Ya iso, ya kama zanenta, ya hau ƙafarta yana haki. Ya kamo babban yatsanta da hannu biyu ya kai baki, ya datsa.

"Wayyo!" in ji tsohuwa.

Ta zare yatsan. Ga ɗan jini ya taru a kai kamar ƙwayar gero. Ta ɗaga leɓensa, ga haƙori fari tas ya huda dasashi. Ta daɗe tana kallon haƙorin, shi kuma yana kallonta yana dariya, miyau na zuba.

"Duk garin nan kai kaɗai ka zo," ta ce.

Ta tsinke ƙullin daddawar ta jefar bayan zana. Sannan ta mayar masa da yatsan a baki.

"Sha, angona. Jinin nan ai naka ne, ajiya ka ba ni."

Aliya ta zauna a kan buhun kayanta ta fashe da kuka. Ya Fanna ba ta ko dube mu ba. Ta juya shi baya, ta ce in miƙo mata majanyi, kuma kafin ta gama ɗaurewa ya yi barci.