Sakata Ba Ta Amsa Gaisuwa

Son farin jini ciwo ne, kuma mai shi ba ya jin zafinsa sai ya kai ƙashi. Shi ne ciwon da ya kama Muktar ɗan Alhaji Lado, a shekarun da unguwar Kilomita Biyar ta zama keji, mutum ya haye gada zuwa cikin birnin Bangi bai san ko zai dawo da ƙafarsa ba.

A bayan shagon atamfa na Alhaji Lado akwai wani ɗaki, a cikinsa kwamfuta guda mai shan wutar sola. Aikinta ɗaya ne. Masu haya da babur su aiko mata saƙon waya kan hanyar da suka biyo, mai son fita kuma ya tambaye ta, ta gaya masa. Mutum biyu ke kula da ita: Muktar, da Ummuhani, 'yar ƙanen mahaifinsa. Tare suke karatun na'ura a jami'a har rikici ya datse musu hanyar makaranta.

Na'ura ba ta jin Hausa, ba ta jin Sango. Da harshenta ake rubuta mata umarni. Wanda suke aiki da shi malaminsu Badaru ne ya ƙirƙira kafin ya bi ayarin motocin Kamaru, ya raɗa masa suna Sakata. Harshe ne mai taurin kai. Duk shirin da aka rubuta da shi, ba ya karɓar labari sai da suna, da lokaci, da kalma ɗaya cikin biyu: buɗe ko rufe. In labari ya wuce awa guda, ya mutu. In babu sabo, amsa ɗaya ce: ban sani ba.

Abin da ke cin Ummuhani shi ne, duk unguwar su biyu kaɗai suka iya rubuta shi. Harsashi kuwa ba ya tambayar wa ya yi jami'a. In aka rasa su, an rasa na'urar. Samarin Yakite da ke son kafa irinta a unguwarsu sun zo koyo, suka gudu kafin sati. Wani cikinsu ya ce wannan ba harshe ba ne, suruka ce: kome ka kawo sai ta ce da saura.

Saboda haka suka yi shawarar sabunta shi. A nan hanya ta rabu.

Ummuhani ta ce a sassauta baki, a bar ƙashi. A mai da kalmomin Faransancin da ke cikinsa zuwa Sango da Hausa, in mutum ya yi kuskure harshen ya nuna masa inda kuskuren yake maimakon ya rufe masa ƙofa a fuska. Muktar ya ce wannan shafa wa kura janbaki ne. Shi a ganinsa dokar ce ke korar mutane. A bar kowa ya aiko da saƙo yadda bakinsa ya saba, na'ura ta duba, in ta ga "lafiya" ko "alheri" ta san hanya a buɗe take.

"Yaya, ka manta da mutanenmu," in ji ta. "Bahaushe ko gawa ce a gabansa, ka ce ina labari, sai alheri zai fara ce maka."

"Ke dai kina son zama limamiyar masallacin da ba mamu."

"Gara ba mamu da a ja su sallah ba alwala."

Alhaji Lado na auna yadi a ƙofa, yana jin su. Bai san kan na'ura ba, amma ya ce da ɗansa ya kula, garin neman gira ake rasa ido. Muktar ya yi dariya, ya ce zamani ne, Baba.

Ya ɗauki ƙaramar kwamfutarsa ya koma rumfar wani mai gyaran waya, ya sa sabon layi, ya kira abinsa Sabuwar Sakata. Cikin kwana goma yana da ɗalibai goma sha biyu. Tasa ba ta gardama, ba ta cewa ban sani ba, kowa ya tambaye ta sai ta faranta masa. Masu babur suka riƙa aika wa layukan biyu, amma yabo na Muktar ne.

Ummuhani ta zauna da ɗalibai biyu, Rahmatu mai sayar da katin waya da wani gurgun tela. Kullum in ta gama taya baffanta ninke atamfa sai ta shiga ɗakin baya. Kalma ɗaya takan cinye mata yini, tana neman wadda ɗan Sango zai gane, tsohon Bahaushe ma ya gane. Rahmatu ta tambaye ta ko ba ta gajiya, ga can ana ta dariya a rumfar Muktar. Ta ce sannu ba ta hana zuwa. Abin da ta fi shan wuya a kansa shi ne koya wa harshen ladabi: in an gaishe shi ya amsa, sannan ya sake tambaya, kuma kada ya rubuta kome sai an ba shi kalmarsa.

Wata Talata da hantsi, Baba Umaru, dattijon masu babur, ya juyo daga bakin gada da gudu, ya tsaya a inuwa ya aika wa layukan biyu saƙo guda: "Salamu alaikum. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Sai dai yaran can sun sa shinge a gada, da adduna."

Na'urar Muktar ta ga "lafiya", ta ƙoshi, ba ta karanta saura ba.

Ta Ummuhani ta mayar masa: "Madalla, Baba Umaru. Gada buɗe ko rufe?"

Ya amsa da kalma ɗaya: rufe.

Ummuhani na ganin haka ta miƙe tsaye. Ta san ranar ce Muktar zai shiga gari ya nuna wa wata ƙungiyar agaji aikinsa, don su yaɗa shi a sauran unguwanni. Ta tura Rahmatu bakin kasuwa ta tsai da duk mai niyyar fita, ita kuma ta kira shi. Ya ɗauka, iska na kaɗawa a wayar.

"Yaya, ka juyo. An tare gada."

"Tawa ta ce lafiya."

"Gaisuwa ta amsa maka. Don Allah ka karanta saƙon Baba Umaru da idonka."

Ya ce ya san hassada in ya ji ta, ya kashe waya. Ta sake kira sau huɗu. Daga nan ta fita ba takalmi ta sami Baba Umaru, suka tara masu babur shida, suka bi shi har inda ake iya bi. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Allah ya sa motar sojojin kiyaye zaman lafiya ta biyo ta wajen, ita ta tsinto shi a kwalbatin da masu shingen suka yar da shi bayan sun lakaɗa masa duka, ta ajiye musu shi a bakin unguwa.

Ummuhani ta ɗebo ruwa. Ta wanke masa fuska, ta koma ɗakin baya ta sa Rahmatu ta aika wa kowa cewa an rufe layin Muktar. Washegari ɗalibansa suka zo suka tsaya a ƙofa, suna sunkuyar da kai. Ta ce su cire takalma, tabarma ta ishi kowa. Kafin azumi akwai mutum tara da suka iya rubuta Sakata ba tare da ita ba, aka kafa na'ura ta biyu a Yakite.

Muktar kuwa, ga abin da farin jini ya ci masa: babur ɗaya, kwamfuta ɗaya da duk abin da ya rubuta a cikinta, haƙoran gaba uku, jin kunnen hagu, da ɗalibai goma sha biyu. Har yau yana zaune a shagon ubansa yana auna yadi. In ka gaishe shi ya ce lafiya lau, mutanen Kilomita Biyar sukan sake tambaya.